Wata 18 bayan an yi mini dashen jijiya a hannu

Gilashin taga ne ya yanke ni a hannun dama, ɗan sama da wuyan hannu, ta gefen ƙaramin yatsa. Inda aka fara kai ni suka tsayar da jini, suka ɗinke fata, suka ce in tafi, zai warke. Rauni kam ya warke cikin sati biyu, amma ƙaramin yatsana da rabin na kusa da shi sun sage, ko tsinke na tsira ba na ji. Da na koma na yi ƙorafi aka ce kumburi ne, in ƙara haƙuri. Haka na yi asarar kusan wata uku, kuma har yau abin yana yi mini ciwo a rai.

Likitan tiyatar hannu da na samu daga baya bai ɓata lokaci ba. Ya sa takarda tsakanin yatsuna ya ce in riƙe, ya zare ta kamar ba kowa. Aka yi gwajin nan da ake manna wayoyi a fata ana sakin ɗan lantarki, ya nuna saƙo ba ya wucewa. Jijiyar da suke kira ulnar ce ta tsinke, wato mai kai ji da motsi, ba ta jini ba, wadda in ka buge gwiwar hannu kake jin kamar shokin. Ya ce da a makon farko na zo, da haɗa bakin biyu kawai zai yi ya ɗinke. Yanzu sun ja da baya, sun bar giɓin santimita 4, ya yi yawa ga ɗan bututun da ake sawa a gajeren giɓi. Sai dashe. Suka ciro wata siririyar jijiya daga bayan ƙafata, kusa da idon sawu, suka yi gada da ita.

Bayanin da ya yi mini kafin aikin shi na fi yaba masa. Ya ce kada in farka ina jiran yatsa ya motsa. Ɓangaren da ke gaban yankan ya riga ya mutu, dashen hanya ce kawai, jijiyar ce za ta tsiro ta bi ta ciki, kimanin milimita 1 a rana. Na sa ruwla na auna daga tabon zuwa kan yatsa, na samu kusan santimita 20. Lissafi ya nuna wata bakwai in an yi sa'a. Ya kuma ce tsokar da ta yi shekara zuwa shekara da rabi ba saƙo, da wuya ta farfaɗo. A nan na gane nauyin wata ukun da na zubar.

Duk zuwa asibiti sai ya ƙwanƙwasa hannun da yatsarsa, yana gangarowa daga tabon, ya tambaye ni inda nake jin tsiri-tsiri kamar ana soka allurai, ya sa alama da biro. Wata na gaba alamar ta matsa gaba. Wannan ɗigon biron ya riƙe mini zuciya fiye da duk wani lallashi.

Gashin hannu kuwa, wato atisayen da ake sa ni yi bayan tiyata, ya gajiyar da ni, ba zan ɓoye ba. Mai yi mini ta ɗaura wani tallafi na roba don kada yatsun biyu su ƙage kamar faratan shaho, ta sa ni lanƙwasa kowace gaɓa sau da yawa kullum. Da ji ya fara dawowa sai ta rufe mini ido, ta goga auduga, sannan tawul, sannan mabuɗi, ta ce in faɗi mene ne. Na ɗauka wasan yara ne. Ashe ƙwaƙwalwa ce ake sake koya wa karatun saƙon da ya dawo a harɗe.

Maganin gabapentin ya rage zugin dare, sai dai ya sa ni jiri da barci har aka rage mini. Bitamin B12 da kowa ke ta ba ni shawara na sha wata biyu, ban ga abin da ya ƙara ba. Likita ya ce mai ƙarancinsa a jiki yake yi wa amfani. Abin da ba su ja mini kunne sosai a kai ba shi ne ƙuna. Na taɓa jingina hannu a jikin butar lantarki mai zafi, ban sani ba sai da na ga bororo.

Yau ina jin zafi da sanyi da taɓi, ko da yake kamar ta cikin safar hannu. Ina rubutu, ina tuƙi. Ɓalle maɓallin riga yana ba ni wahala, tsokar tsakanin babban yatsa da manuniya ba ta cika kamar da ba, kuma in an yi sanyi hannun yana zugi. Gefen ƙafar da aka ciro jijiyar ya sage, amma bai hana ni tafiya ba. In an ce in sake zaɓa, tiyatar zan sake yi, wurin likitan nan. Makon jiya ya sake sa takardar tsakanin yatsuna, sai da ya ja sau biyu kafin ta fita.