Sharhi kan ETICO, taskar UNESCO ta ɗa'a da riƙon amana a makarantu

A shekarar da aka ɗora mini nauyin shugabancin makaranta, aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rubuta ƙa'idojin da ni da malamai za mu yi aiki da su, domin na tarar kowa yana ambaton gaskiya da amana a wurin taro, amma babu takarda ko ɗaya da ta fayyace abin da malami zai yi idan uban ɗalibi ya miƙo masa kyauta ana gab da jarrabawa. Neman misalai ne ya kai ni ga ETICO, taskar bayanai ta intanet wadda Cibiyar Tsara Harkokin Ilimi ta Duniya, wato IIEP, take kula da ita. Cibiyar reshe ce ta UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, an kafa cibiyar a birnin Paris a 1963, kuma tun 2001 take gudanar da shiri na musamman kan ɗa'a da cin hanci a fannin ilimi. Ba a biyan komai kafin a shiga.

Abin da ya fara burge ni shi ne taskar tana kiran kowace cuta da sunanta: malaman bogi da ake biya albashi, magudin jarrabawa, takardun shaida na jabu, almundahana wajen sayen littattafai, da malamin da ke rage koyarwa a aji domin yara su biya shi kuɗin darasin bayan tashi. Wannan na ƙarshe ya taɓa ni ƙwarai, saboda da yawa daga cikinmu ba ma lissafa shi cikin cin amana, alhali ɗan talaka ne yake kwana a ciki.

Inda na fi daɗewa shi ne tarin kundayen ɗa'ar malamai na ƙasashe daban-daban. Da mutum ya jera uku ko huɗu ya karanta, zai ga bambancin kundin da aka rubuta don a rataya a bango da wanda aka rubuta don a yi aiki da shi. Nagarin yakan faɗi wanda za a kai wa ƙorafi, da yadda za a saurari wanda ake zargi, da hukuncin da ya dace da kowane laifi, kuma littafin jagora da cibiyar ta wallafa kan rubuta irin waɗannan kundaye ya nanata cewa a sa malaman kansu cikin rubuta shi. Na bi wannan shawara, muka yi zama uku muna jayayya kan sakin layi guda da ya shafi karɓar kyauta, kuma a ganina jayayyar ta fi takardar da muka fitar amfani, domin a wurin ne malamai suka ji cewa dokar ta hau kaina kafin ta hau kansu.

A taskar kuma na fahimci dabarar bin sawun kuɗin gwamnati tun daga ma'aikata har zuwa aji. Misalin Yuganda sananne ne: binciken 1996 ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995 kimanin kashi 13 cikin 100 kacal na tallafin da ake ware wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai yake isa gare su. Gwamnati ta fara buga adadin kuɗin a jaridu, aka umarci makarantu su liƙa shi a allon sanarwa, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Tun daga ranar da na karanta wannan nake liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a ƙofar ofishina kowane zango.

Akwai inda taskar ba ta kai ba, kuma ya kamata shugaban makaranta ya sani tun farko. Mafi yawan rubuce-rubucen da ke cikinta da masu tsara manufofi da jami'an ma'aikata suke magana, dogaye ne, kuma sai wanda ya iya Turanci ko Faransanci sosai zai ci moriyarsu. Ba ta da abin cewa mai yawa kan hukuncin da shugaba yake yankewa shi kaɗai, kamar ranar da malamin da ya fi kowa ƙwazo ya yi laifin da za a kori wani a kansa, ko ranar da mai faɗa a ji ya nemi a ƙara wa ɗansa maki. Duk da haka ina ba duk wanda aka ba riƙon makaranta shawarar ya fara da sashen kundayen ɗa'a, ya zaɓi biyu, ya kai su taron malamai na farkon zango.