Hattara da masu "ƙara graphics" a Ikeja

Jama'a, musamman matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 masu son wasan kwamfuta, ku yi hattara. Akwai wasu 'yan kayi-nayi da ke tare mutane a bakin Computer Village, kasuwar kwamfuta da wayoyi ta Ikeja a Legas, wajen titin Otigba, suna cewa ko wace irin laptop ce da kai, kawo su ƙara mata graphics ta riƙa ɗaukar GTA V da FC 24 sumul. Wani ƙanenmu ya zuba musu kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Ya dawo gida, wasan na nan yana sarƙewa kamar da, kwamfutar kuma sai zafi.

Ƙarya suke yi. A galibin laptop, abin da ke sarrafa hoto, wato graphics ɗin, a like yake da allon ciki, ba a cire shi balle a sa babba. Masu Intel HD ko UHD ma ba su da ma'ajiyar hoto tasu, daga RAM suke ara. FC 24 kuwa mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne katin hoto irin GTX 1050 Ti mai 4GB da RAM 8GB.

To me suke yi a bayan shago? Rijistar Windows, inda ake ajiye saitin kwamfuta, suke shiga su canza lamba, ko su canza sunan da ke fitowa a Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, sai ka ga an rubuta Nvidia, sunan kamfanin da ke ƙera katin hoto. Wasu har sitika suke mannawa. Rubutu kawai aka sauya, ƙarfin na'ura bai motsa ba. Abin da ya fi min ciwo, da harshenmu suke yi wa yaran magana, "ɗan uwa, ai ba zan cuce ka ba", shi ya sa ake sakin jiki da su.

Kasuwar cike take da masu gaskiya, amma shago za ka shiga da ƙafarka, ka karɓi rasit. In saye za ka yi, a sa GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoton da ke ciki, a gabanka, sannan a kunna wasan da kake so ka buga shi da hannunka kafin ka tura ko kwabo.

Wanda laptop ɗinsa ba ta da ƙarfi, ya rage hoton zuwa 720p, ya sauke saitin wasan ƙasa, ya sa RAM guda biyu iri ɗaya in akwai gurbi, a share ƙurar fanka. Ku tura wa 'yan uwa kafin wani ya sake faɗawa hannunsu.