Tuntun ulu ko zaren roba, wanne ya fi kashe ƙarar tsirkiya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin tuntun ulu da siraran robobin nan da kake tunanin saye don bakanka ya daina ƙara da rawa, ɗauki ulu kawai.

Ni ulu ne a kan bakana mai fam 45 (wato ƙarfin da ake jan tsirkiyarsa da shi), irin mai lanƙwasasshen kai kamar naka. Muna harbi ne a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan garin Jidda, kuma katangar wurin siminti ce, ko tari ka yi sai ta maido maka. Duk sanda na saki kibiya sai ka ji "tau!", tsirkiya ta yi ta kaɗawa har cikin tafin hannuna. Wani dattijo da ke zuwa daga Madina, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce in sauke tsirkiyar in miƙo masa. Ya zaro ƙullin ulu daga aljihun doguwar rigarsa, ya naɗa a yatsu uku sau ashirin ko kusa da haka, ya raba zaren tsirkiyar gida biyu ya cusa naɗin a tsakani, ya ce in ɗaura. Da tsirkiyar ta miƙe ta matse shi, sai ya sa almakashi ya yanke bakin naɗin dama da hagu. Kafin in ƙarar da kibau na kwari ɗaya ulun ya yi buzu-buzu, ƙarar ta koma "dub" can ƙasa-ƙasa. Na ce Baba nawa ne, ya ce in yi masa addu'a.

Robar kuwa, to, tana aiki. Ba ta shan ruwa kuma ƙarangiya ba ta maƙale mata. Amma ruwan sama nawa muke gani a nan? Zafi muke da shi, shi kuma zafi sa ta yake ta yi danƙo ta riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Wajen da za ka sa tuntun yana da muhimmanci. Auna daga inda tsirkiya ta rabu da jikin bakan a sama zuwa inda ta rabu da shi a ƙasa, ka raba huɗu, ka sa ɗaya a kashi na farko daga sama, ɗaya daga ƙasa. Wasu a kashi ɗaya cikin uku suke sawa. Gwada duka, kunnenka zai gaya maka. Kada ka yi shi ƙato, domin duk nauyin da ka ƙara wa tsirkiya yana ɗan rage wa kibiya gudu.

Sai dai kafin ka taɓa ulu ko roba, fara duba tazarar da ke tsakanin mariƙi da tsirkiya. Yawancin bakan da ke ihu a nan matsalarsa take. Irin namu masu tsawon inci 60 zuwa 62 galibi sun fi son inci 7.5 zuwa 8.5, amma bi abin da maƙerin bakanka ya rubuta. In tazarar ta yi kaɗan, sauke tsirkiyar ka murɗa ta sau uku ko huɗu, ka mayar, ka harba, ka saurara. Akwai inda za ka kai ka ji bakan ya natsu da kansa. Sannan nauyin kibiya. Kibiya marar nauyi ba ta kwashe ƙarfin bakan duka, ragowar shi ne ke zama ƙara da girgiza a hannunka. Ga baka mai fam 40, kibiya mai giram 24 zuwa 26 ta yi daidai. Akwai kuma marin da tsirkiya ke yi wa lanƙwasar bakan a kai biyun, wanda tuntu ba ya maganinsa. Naɗe ƙarshen tsirkiyar da ulun nan dai, ko ka manna ƙyalle mai laushi a inda take kwanciya.

Ka yi hattara da masu talla a intanet. Za su ce maka tuntunsu na gashin dabbar ruwa ne daga Kanada, su caje ka riyal masu yawa, alhali gashin roba ne na kwalar rigar sanyi. Haka ulun ma. Ciri ɗan zare ka kunna masa ashana: ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka mai murmushewa, na roba narkewa yake ya dunƙule da tauri. Wanda ya fi haɗari shi ne mai cusa maka tsirkiyar Fast Flight wai ta fi gudu, bai ko tambayi irin bakanka ba. In kan bakan ba a ƙarfafa shi ba, tana iya tsaga shi. Tsaya a kan tsirkiyar zaren Dacron B50, ita ta fi laushi kuma ta fi shiru.

Shagunan kayan ɗinki na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, suna da ulu, ƙulli ɗaya zai ishe ka har ka raba wa 'yan rukuni. Kuma don Allah kada ka bar bakan a ɗaure cikin mota da rana, gam ɗin da ya haɗa fallayensa saki yake yi.