Kazar kwakwa a shagon Babu, kusa da Masallacin Zinare na Manila

Kwana huɗu na yi a Manila, babban birnin ƙasar Filifin, ina rayuwa a kan burodi da dafaffen ƙwai da ayaba. Garin kuwa duk inda ka juya tukunya ce ke tafasa, sai dai naman alade ya shiga ko'ina. Yana cikin miya, yana cikin taliya, kai ko kwanon ganye ka gani ka ce wannan dai lafiya lau ne, da ka tona sai ka tarar da 'yan gutsattsarinsa a ƙasa. Ƙanina da na je dubawa ya shekara uku yana karatu a can, ya san inda zai sa hannu da inda zai kau da kai. Ni kam tambayar "me aka sa a ciki" ta ishe ni. Ranar Juma'a da safe ya ce, "Yaya, yau za ka ci ka ƙoshi, kuma ba za ka tambayi kowa komai ba."

Jirgin ƙasa na cikin gari muka hau, muka sauka a tashar Carriedo, muka kutsa kasuwar Quiapo, wadda su ke furtawa Kiyapo. Mun wuce babban cocin nan da ake cika maƙil duk ranar 9 ga Janairu, muka bi hanyar ƙarƙashin titi, da muka ɓullo ɗaya gefen sai gari ya sauya kama: mata da hijabi, shagunan darduma da turare, ana ta sallama. A nan Masallacin Zinare yake, a layin Globo de Oro. An gina shi a 1976 saboda ziyarar da aka sa ran Gaddafi zai kawo, ziyarar ba ta yiwu ba, masallaci kuwa ya zauna. Yawancin Musulmin da ke kasuwanci a kewayensa daga kudancin ƙasar suka fito, tsibirin Mindanawo, kuma da dama daga cikinsu Maranawo ne, mutanen bakin Tafkin Lanawo.

Ana sallame Juma'a muka shiga wani lungu. Shago ne da bai wuce faɗin ɗakin soro ba, tebur huɗu, kujerun roba, fanka ɗaya a bango tana juya kai kamar ta gaji. Muna shiga ƙanina ya ɗaga murya ya ce, "Babu!" Gabana ya faɗi, na juya zan fita, na ce to Allah bai yi ba. Ya riƙo hannuna yana dariya har da hawaye. Ashe a bakin Maranawo haka ake kiran inna ko gwaggo, kawu kuma Bapa. Matar da ke bayan tukwanen ita ce Babu, mijinta da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa shi ne Bapa. Har yarinyar da ke share tebur na ji tana ce wa yayanta Kaka, yaron da ko gemu bai tsiro ba. Da ƙanina ya fassara wa matar abin da sunanta ke nufi a wurinmu, sai ta buɗe murafen tukwane ɗaya bayan ɗaya tana nuna mini, wato ga shi nan, akwai.

Irin wannan gidan abinci turo-turo suke ce masa, ma'ana nuna-nuna. Ba takardar zaɓen abinci, komai an riga an dafa an jera a tirori bayan gilashi, kai dai ka nuna da yatsa a zuba. Na nuna abu huɗu, ƙanina ya ƙara biyu.

Shinkafar da kofi ake aunawa a kife a faranti. Na zaɓi mai ruwan ɗorawa da suke kira kuning, wadda aka dafa da kurkum. Ba ta warwatse irin dafa-dukarmu ba, tana da ɗan danƙo, gishiri kaɗan ƙwarai. Da farko na ga kamar kasawa ce, sai da na haɗa ta da sauran na gane da gangan aka bar ta haka, mahaɗin ne ke ɗauke da ɗanɗano. An kawo ɗan kofin romo mai zafi kyauta, da cokali da cokali mai yatsu. Na hango wani dattijo a teburin gefe yana ci da hannu, na ajiye nawa na nemi ruwan wanke hannu.

Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi shi ne kazar da suke kira piyaparan. An dafa ta a madarar kwakwa da kurkum har ta yi laushi, sannan aka turara ta cikin gurzajjiyar kwakwa da aka soya da kayan yaji. Tsokar ta fito rawaya, kwakwar ta manne mata kamar yadda ƙuli ke manne wa tsire. Loma ta farko garɗin kwakwa za ka ji, ka ɗauka abin sanyi ne. Kafin ka haɗiye citta ta taso, barkono ya biyo ta, sai ga gumi a goshi. Kwana huɗu ina jin ana sa sukari har a miyar taliya, na yanke wa mutanen Filifin hukuncin ba su san yaji ba. A wannan teburin na janye maganata.

Asirin kuwa yana cikin wata 'yar kwalba da ke kan kowane tebur. Palapa sunansa. Ana daka wata irin albasa siririya fara mai suna sakurab, wadda ta fi kama da gindin lawashi, a haɗa da ɗanyar citta da ƙananan barkono da gishiri, a ɗan soya a mai. Da shi ake fara girki, da shi kuma ake ƙarasa ci. Matsayinsa a wurinsu shi ne matsayin yajin ƙuli ko yajin daddawa a wurinmu, kowane gida da hannunsa, kowace uwa tana ganin nata ya fi. Babu ta ce sakurab ɗin daga gida ake aiko mata, na Manila ba ya yi mata ƙamshi. Gidan nasu a birnin Marawi na bakin Tafkin Lanawo yake, a ɓangaren da yaƙin 2017 ya rusa, wanda aka kwashe wata biyar ana yi daga Mayu zuwa Oktoba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta juya ta ci gaba da kwasar shinkafa, ni ma ban ja zancen ba.

Sai pater, ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba da zarge-zargen kaza a sama. Duk wanda ya san dambun kaza zai gane shi nan take, illa dai wannan da ɗan danshi. Shi ne abincin ɗalibai da 'yan dako, kuma ganyen ya ba shinkafar wani ƙamshi irin na alalar ganye. Na so shi, amma naman kamar an ƙirga silinsa.

Rendang, wato naman sa da aka dafa a madarar kwakwa, kuwa bai burge ni ba. Zaƙi ya danne komai, man ya taso ya kwanta a sama, ga shi ya huce. Wannan ce babbar illar nuna-nuna: abin da aka dafa tun hantsi shi za ka tarar bayan azahar, kuma ba kowane tire ne wuta ke ƙarƙashinsa ba. Na roƙa a ɗumama mini, an ɗumama ba musu, amma wani yankin ya yi zafi wani yana nan da sanyinsa. Kifin banda da suke kira bakas, kifin tuna ne da aka soke a sanda aka yi wa hayaƙi, ƙamshinsa ya kai, sai dai yankan da na samu ya bushe har sai da na tsoma shi a romo. Ƙanina ya rantse na safe ba haka yake ba. Na matsa masa wani ɗan mitsitsin lemun tsami da suke kira kalamansi, ya ɗan farfaɗo.

Wurin ma ba na mai son sakewa ba ne. Zafi, hayaniyar babura daga layi, gwiwarka na gogar ta wanda ba ka sani ba. Bayan Juma'a kuwa mutane na tsaye a kanka suna jiran kujera, dole ka yi sauri. Banɗaki ban ma nema ba. Amma faranti a wanke suke tas, tukwane a rufe, yarinyar nan kuma ba ta barin tebur da ko ƙwayar shinkafa. Wanda zai je, ya je kafin sha ɗaya na safe, kuma ya riƙe tsabar kuɗi, don ban ga na'urar kati ba.

Mu biyu, da ƙarin shinkafa da lemo, ba mu kai peso 500 ba. Bapa ya lissafa da ka, ya duba ni, ya tambayi ƙanina ko ni ne yayan da yake ta ba su labari. Da aka ce eh sai ya miƙo mini dodol guda biyu ya ƙi karɓar kuɗinsu. Alewa ce baƙa mai danƙo, ta garin shinkafa da madarar kwakwa da sukari irin mazarƙwaila, tana kama haƙori kamar alewar madi. Na ce masa salamat, kalmar godiyar da na iya ke nan.

Na koma sau biyu kafin in taso, duka da safe, duka piyaparan da kuning, kuma da zafinsu. A zuwan ƙarshe na sayi palapa kwalba biyu, Babu ta naɗe su a leda uku saboda jirgi. Da na iso gida uwargida ta buɗe ta shinshina ta ce citta ta yi yawa. Shekaranjiya na shiga kicin na same ta tana zuba shi a kan garau-garau, kwalbar farko saura kaɗan a gindi.