Gidan yara na coci da lesin ɗinsu na yamma

Gaskiya mutanen gidan nan sun iya riƙon yara. Da an taso makaranta sai lesin, malama ta zauna a duba aikin gida ɗaya bayan ɗaya, wanda karatu ke ba wuya ta ja shi gefe tana bin layi da yatsa har ya kama, ba tsawa ba duka. Disamba kuwa lissafi ya sha hutu, sai koyon waƙoƙin Kirsimeti da wasan haihuwar Yesu, ƙananan na ta rigima kan wa zai zama makiyayi. Ista ma haka. Inda suka gaza dogon hutu ne, masu sa kai duk sun watse, yara sai zaman kallon talabijin. Littattafan laburaren ma sun yage, don Allah a canza musu.