Shagon madarar makiyayin da ya shiga majalisa

A hanyar Bukuru akwai wani shagon madara da kindirmo wanda mai shi ya daɗe yana kiwon shanu a killace kafin jama'arsa su tura shi Majalisar Dokokin Jihar Filato, mai kujeru 24. Da yawa sun yi zaton siyasa za ta ɗauke masa hankali daga garke, amma abin da ake sayarwa a shagon bai nuna haka ba.

Kindirmon yana da kauri, har ludayi kan ɗauko shi a dunƙule, kuma tsaminsa bai wuce kima ba. Dalili shi ne shanun gauraye ne tsakanin Bunaji, masu jure cuta da wahalar rani, da Friesian na Turai masu yawan nono, waɗanda sanyin Jos ya karɓe su. Ana dafa madarar kafin a ɗura, sannan ana yi wa garken rigakafin ciwon huhu da allurar cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924. Wannan kulawa ita ce ta fi burge ni, domin lafiyar mai sha tana farawa ne daga lafiyar saniya.

Farashin ya ɗara na masu tallar ƙwarya, kuma ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, kayan ba sa yin sanyi yadda ya kamata. Ina fatan maigidan zai kai kukan ƙananan makiyaya zauren majalisa, musamman batun burtali da wuraren shayar da dabbobi, tunda ya san zafinsa a jikinsa.