Mataimakin manaja: sidi 4,000 a Accra ko 3,200 a Kumasi?

Wani ƙaninmu ya kawo tambaya. Takardun ɗaukar aiki biyu ne a hannunsa, dukansu na mataimakin manaja a kantin kayan masarufi. Na Accra, a hanyar Spintex, sidi 4,000 a wata: 2,500 albashin tushe, 1,500 alawus. Na Kumasi, a Adum, 3,200 ne, dukansa albashin tushe. Iyayensa na unguwar Aboabo a Kumasi. Wanne zai ɗauka?

Ƙanena, tazarar da kake gani sidi 800 ce a takarda, amma ba ita za ta shiga aljihunka ba. Bari mu lissafa.

Kafin komai ana cire wa ma'aikaci kashi 5.5 cikin 100 na fansho, daga albashin tushe kaɗai. Sai haraji a kan abin da ya saura, har da alawus. A jadawalin da hukumar haraji ta Ghana, GRA, ta fara aiki da shi a 2024, sidi 490 na farko babu haraji, 110 na gaba kashi 5, 130 na gaba kashi 10, daga nan kuma kashi 17.5 har zuwa sidi 3,896 da 'yan kai.

Accra: fansho 137.50, haraji kusan 567, a miƙo maka kimanin 3,296.
Kumasi: fansho 176, haraji kusan 420, a miƙo maka kimanin 2,604.

Tazarar ta koma 692. Raba ta kwana 26, tunda kanti ba ya hutun Asabar, ka samu kusan sidi 27 a rana. Wannan shi ne ma'auninka. Idan ɗakin da za ka samu a Nima ne ko Madina, da wuya trotro (motar haya) ɗaya ta kai ka Spintex, sai ka sauka ka sake hawa, safe da yamma, ga cunkoson mahaɗar hanya ta Tetteh Quarshie a tsakani. Ƙara waakye na rana. Sidi 27 ɗin ba ta kaiwa la'asar. Daga Aboabo zuwa Adum kuwa tafiya ce gajeriya, tuwon dare kuma na gida ne.

Haya ita ce ke karya mutum. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da wata shida a gaba, amma a Accra wanda ya ce maka shekara ɗaya ya yi maka mutunci, da yawa biyu suke nema, ga na dillali. Kumasi ma ana haka, sai dai kai ba ka bukata. Wanda ya fara aiki da bashin haya a wuya, shekararsa ta farko ta mai gida ce.

Yanzu duba abin da mutane ba sa dubawa. Mai kamfani yana ƙara kashi 13 a kan naka 5.5, jimla 18.5: kashi 13.5 zuwa hukumar fansho ta ƙasa, SSNIT, kashi 5 zuwa asusun fansho na biyu. Duk a kan albashin tushe. A Accra sidi 462.50 ake biya da sunanka a wata, a Kumasi 592. Wato aikin da ake ganin ƙarami shi ya fi tara maka. Shi ya sa masu kanti ke son kumbura alawus su matse tushe: nasu kashi 13 ɗin ne ke raguwa. Haka ma kyautar ƙarshen shekara, da tushe ake auna ta wajen haraji: abin da bai wuce kashi 15 na albashin tushe na shekara ba, kashi 5 kawai ake cirewa.

To me ya sa Accra ke biya sama? Hedikwatocin kamfanoni da bankuna na can, tashar jirgin ruwa ta Tema na kusa, kuma mai ɗaukar ma'aikaci ya san tsadar garin. A Kumasi ciniki na da ƙarfi, kasuwar Kejetia shaida ce, amma kantuna da yawa na iyali ne, albashi yadda kuka yi da Alhaji. Tamale yawanci tana ƙasa da duka biyun, in ka cire ƙungiyoyin agaji. Irin aikin ma ya fi gari tasiri: mataimakin manaja a banki ko kamfanin ma'adinai a Tarkwa ba sa'an na kanti ba ne, ko da kantin a East Legon, unguwar masu kuɗi ta Accra, yake. Aikin gwamnati kuwa ma'auni ɗaya ne tun tsarin albashi na bai-ɗaya na 2010, garin Wa da Accra duk ɗaya.

Ra'ayina: da waɗannan lambobi, Kumasi. Abu ɗaya zai juya hukuncin, idan kantin Accra na da rassa da yawa, inda mataimaki ke samun nasa reshen bayan 'yan shekaru, kuma kana da ɗan'uwa da zai ba ka wurin kwana. A kantin iyali, kujerar manaja sau da yawa tana jiran ɗan mai kanti.

Ko wanne ka zaɓa, a rubuta. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aikin wata shida zuwa sama sai da yarjejeniya a rubuce, awa 40 a mako, hutun shekara aƙalla kwana 15 na aiki. Mataimaki shi ke buɗe kanti shi ke rufewa, don haka ka tambayi yadda ake biyan awannin da suka haura. Ka karanta sakin da ya yi maganar giɓi, domin idan aka ƙirga kaya aka ga katon madara uku sun yi ƙafa, mai riƙe da makulli ake fara kallo, kuma sa hannunka a wannan sakin shi ne yardar da za a kafa hujja da ita a yanki albashinka. Bayan wata uku, nemi bayanin asusunka a SSNIT ka ga ko kuɗin da ake cirewa suna isa can.